Suffrajitsu

Suffrajitsu suna ne da ake kiran horon jujitsu da sauran dabarun kare kai da matan Birtaniya masu fafutukar neman 'yancin kaɗa ƙuri'a suka riƙa yi daga shekarar 1909 zuwa 1914. Akasarin matan 'yan ƙungiyar WSPU ne, wadda Emmeline Pankhurst take jagoranta, kuma fitacciyar malamarsu ita ce Edith Garrud (1872–1971), ɗaya daga cikin matan farko da suka koyar da wasannin faɗa na ƙasar Japan a nahiyar Turai. Matan sun rungumi horon ne domin su kare kansu daga dukan 'yan sanda da na gungun mazan da ke far musu a wuraren taro da zanga-zanga. A shekarar 1913 ƙungiyar ta kafa wata runduna ta mata zalla, su kimanin 30, domin tsaron lafiyar shugabanninta. Ana yawan kawo wannan tarihi a matsayin ɗaya daga cikin misalan farko a Turai na yadda koyon dabarun faɗa ya ba mata ƙarfin gwiwar fita bainar jama'a su nemi haƙƙinsu.

Asalin suna

An samar da sunan ne ta hanyar haɗe kalmomi biyu. Ta farko ita ce suffragette, sunan da jaridar Daily Mail ta laƙaba wa waɗannan mata a shekarar 1906. Tushen kalmar a Turanci yana nufin 'yancin yin zaɓe, ɗafin da ke ƙarshenta kuwa an aro shi daga Faransanci, kuma yana nuna ƙanƙanta. Jaridar ta yi amfani da shi ne don raini, sai matan suka karɓe shi suka mayar da shi sunan da suke alfahari da shi. Kalma ta biyu ita ce jujitsu, wadda ake kuma rubutawa jujutsu. A harshen Japananci gaɓar ju tana nufin laushi ko sassauci, jutsu kuma tana nufin fasaha ko dabara. Jaridun wancan zamani ne suka fara haɗa kalmomin biyu ta siga daban-daban, amma sunan Suffrajitsu ya fi yaɗuwa a ƙarni na 21.

Shigowar jujitsu Birtaniya

Jujitsu dabarar faɗa ce da ta bunƙasa a tsakanin mayaƙan samurai na Japan, domin amfani a lokacin da mutum ba shi da makami ko kuma abokin gaba ya matso kusa sosai. Daga cikinta ne Jigoro Kano ya fitar da wasan judo a shekarar 1882.

Wani injiniya ɗan Birtaniya, Edward William Barton-Wright, ya koyi jujitsu a lokacin da yake aiki a Japan. Bayan komawarsa gida a 1898 sai ya haɗa ta da dambe irin na Turawa da faɗan sanda, ya kira salon nasa Bartitsu, ya kuma buɗe makaranta a unguwar Soho ta birnin Landan. Ya ɗauko malamai daga Japan, cikinsu har da Yukio Tani da Sadakazu Uyenishi. Tani, wanda ƙaramin jiki gare shi, ya yi suna a gidajen nishaɗi, inda yake ƙalubalantar duk mai jin ƙarfi ya hau dandamali su kara.

Siyasar duniya ta taimaka wajen yaɗuwar wasan. Birtaniya ta ƙulla ƙawance da Japan a 1902, sannan Japan ta ci Rasha da yaƙi tsakanin 1904 zuwa 1905. Jaridu suka riƙa kwatanta nasarar ƙaramar ƙasa a kan babba da yadda gwanin jujitsu ke kayar da ƙato. Tun a lokacin aka fara tallata wasan a matsayin wanda ya dace da mata. A 1906 wata ɗalibar Uyenishi mai suna Emily Diana Watts ta wallafa littafin koyar da jujitsu.

Edith Garrud

An haifi Edith Margaret Williams a garin Bath na ƙasar Ingila a shekarar 1872. A 1893 ta auri William Garrud, malamin motsa jiki da dambe da kokawa, suka koma Landan da zama. Ma'auratan sun san jujitsu ta hannun Barton-Wright a 1899, daga baya suka zama ɗaliban Uyenishi a makarantarsa da ke dandalin Golden Square. Da Uyenishi ya bar Ingila a 1908 sai William ya karɓi ragamar makarantar, Edith kuma ta ɗauki azuzuwan mata da yara. Tsawonta bai wuce santimita 150 ba. Tun a 1907 ta fito a wani gajeren fim inda ta taka rawar matar da ta kayar da 'yan fashin kan hanya.

A watan Mayun 1909 aka gayyaci ma'auratan su nuna wasan a wani baje kolin WSPU a unguwar Knightsbridge. A al'adarsu William ne ke yi wa jama'a bayani, ita kuma tana nuna dabarun. A wannan rana ba shi da lafiya, sai Emmeline Pankhurst ta ƙarfafa mata gwiwa ta yi bayanin da kanta. Kafin ƙarshen shekarar Garrud ta buɗe aji na musamman domin 'yan fafutukar. Ta kuma yi aiki da sashen wasanni na ƙungiyar WFL, wadda ta balle daga WSPU a 1907.

Dalilan da suka kai matan ga horon

An kafa WSPU a birnin Manchester a watan Oktoban 1903. Takenta shi ne a yi aiki a bar magana, domin a ganin waɗanda suka kafa ta an shafe gomman shekaru ana rubuta wa majalisa takardun koke ba tare da an samu biyan buƙata ba. Mambobinta sun riƙa katse wa ministoci jawabi, suna tattaki zuwa Majalisar Dokoki, suna kuma hawa dandamali a kan titi su yi wa jama'a jawabi. A irin waɗannan wurare ana jifansu, a janyo su daga dandamali, a yi musu duka. Daga 1909 waɗanda aka ɗaure suka fara yajin cin abinci, hukumomin gidan yari kuma suka fara yi musu ɗure da ƙarfin tsiya ta hanyar zura musu tiyo ta hanci ko ta baki.

Lamarin ya ƙazance a ranar 18 ga Nuwamban 1910, ranar da aka fi sani da Baƙar Juma'a. A shekarar an gabatar da ƙudurin da zai ba mata kimanin miliyan ɗaya damar yin zaɓe, amma Firaminista Herbert Asquith ya sanar da sabon zaɓe, abin da ya kashe ƙudurin. Mata kimanin 300 suka nufi majalisa. Maimakon a kama su nan take kamar yadda aka saba, 'yan sanda da wasu maza cikin 'yan kallo suka shafe kusan awa shida suna dukansu, suna jefa su cikin taro. An kama mata 115 da maza 4, amma washegari aka janye tuhumar. Ɗan jarida Henry Brailsford da Dakta Jessie Murray sun tattara shaidu 135 a kan abin da ya faru, 29 daga ciki sun ƙunshi cin zarafi ta hanyar taɓa jikin mata. Sakataren Harkokin Cikin Gida na lokacin, Winston Churchill, ya ƙi amincewa a gudanar da bincike.

Darasin da matan suka ɗauka daga wannan rana shi ne cewa waɗanda doka ta ɗora wa alhakin kare su za su iya zama masu dukansu, kuma ba lallai ba ne hukuma ta bi musu kadi.

Yadda horon yake

Jujitsu ta dogara ne a kan sanin yadda jikin mutum yake tsayawa da yadda yake faɗuwa. Idan abokin karawa ya turo, sai a ba shi hanya a ja shi ya wuce da ƙarfin da ya zo da shi. Idan ya ja, sai a bi shi a tura. Da zarar tsayuwarsa ta gurɓace, kayar da shi ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa. Ana kuma murɗe gaɓoɓi irin su wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa, waɗanda ba sa jure lanƙwasa ta inda ba su saba ba, komai ƙarfin mai su. Ɗalibi yana fara koyon yadda zai faɗi ƙasa ba tare da ya ji rauni ba kafin ya koyi kayar da wani.

Wannan tsari ya dace da halin da matan suke ciki, domin abin da suka fi fuskanta shi ne cafka, wato a riƙe musu hannu, ko a rungumo su ta baya, ko a shaƙe su. Garrud ta koyar da yadda ake kuɓucewa daga irin wannan riƙo. A wuraren nuna wasa takan sa a yi wa namiji shigar ɗan sanda, ko ta gayyaci wani daga cikin 'yan kallo ya gwada riƙe ta, sannan ta kai shi ƙasa a gaban jama'a.

Makarantarta ta kuma zama mafaka. Kamar yadda ta ba da labari daga baya, a lokacin da 'yan ƙungiyar suka farfasa gilasan shaguna a tsakiyar Landan a 1912, wasu sun gudo wurinta, suka ɓoye gudumominsu, suka sanya kayan atisaye. Da 'yan sanda suka iso sai suka tarar da abin da ya yi kama da aji na mata, ita kuma ta nuna musu ɓacin ranta a kan katse mata darasi.

Rundunar masu tsaron lafiya

A watan Afrilun 1913 majalisa ta zartar da dokar da jama'a suka yi wa laƙabi da Dokar Kyanwa da Ɓera. Dokar ta ba da damar sakin fursunar da yajin cin abinci ya galabaitar, idan ta murmure a sake kama ta, kuma kwanakin da ta yi a waje ba sa shiga lissafin wa'adinta. A watan ne aka yanke wa Emmeline Pankhurst hukuncin ɗaurin shekara uku dangane da bam ɗin da aka tayar a wani gida da ake gina wa minista David Lloyd George. Tana da shekara fiye da 50 a lokacin, kuma an yi ta sakinta ana sake kama ta.

Domin hana sake kamun ne WSPU ta kafa rundunar masu tsaron lafiya, ta ɗora Gertrude Harding, 'yar asalin lardin New Brunswick na ƙasar Kanada, a kan shugabancinta. Garrud ce ta horar da su, kuma suna sauya wurin atisaye don kada 'yan sandan ciki su gano su. Ban da jujitsu, sun koyi amfani da kulaken katako irin na motsa jiki, waɗanda suke ɓoyewa a cikin dogayen rigunansu. Wasu na sanya kwali a ƙarƙashin tufafi domin kare haƙarƙari daga duka. Jaridu sun kira su Amazon, sunan mayaƙa mata na tatsuniyoyin Girka. A gabashin Landan ma Sylvia Pankhurst, 'yar Emmeline, ta yi kira ga magoya bayanta da su koyi jujitsu, ta kuma kafa tata ƙungiyar tsaro wadda ta haɗa maza da mata.

Manyan arangamomi

A ranar 10 ga Fabrairun 1914 Pankhurst ta yi jawabi daga barandar wani gida a dandalin Campden Hill da ke Landan, alhali 'yan sanda na jiran ta a ƙasa. Bayan jawabin rundunar ta fito da wata mata lulluɓe da mayafi, 'yan sanda suka yi kanta, aka gwabza. Sai da suka kama ta suka gane cewa wata ce aka yi wa shiga irin ta Pankhurst, ita kuwa ta riga ta sulale.

A ranar 9 ga Maris 1914 aka yi arangamar da aka fi sani da Yaƙin Glasgow, a zauren St Andrew da ke birnin Glasgow na Scotland. 'Yan sanda sun tsare ƙofofi, amma Pankhurst ta shiga a matsayin 'yar kallo, sai kawai aka gan ta a kan dandamali. Jim kaɗan da fara jawabinta 'yan sanda suka kutsa. An ɓoye waya mai ƙaya a cikin furannin da aka ƙawata gaban dandamalin da su, matan kuma suka tare su da kulake da kujeru da tukwanen furanni. Wata mamba mai suna Janie Allan ta harba bindiga da harsashi marar dalma, mai ƙara kawai. Duk da haka an kama Pankhurst. Washegari Mary Richardson ta yayyanka wani shahararren zane na Diego Velázquez a gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan domin nuna fushi a kan kamun.

A ranar 21 ga Mayun 1914 Pankhurst ta jagoranci tattaki zuwa fadar Buckingham domin miƙa koke ga Sarki George na Biyar. An yi taho-mu-gama da 'yan sanda, aka sake kama ta. Hoton wani jami'i ɗauke da ita cak a bakin fadar yana cikin hotunan fafutukar da aka fi sani.

Tasirin horon a kan mata

Babbar hujjar masu adawa da ba mata ƙuri'a a lokacin ita ce hujjar ƙarfi. Suna cewa mulki ya ginu ne a kan ƙarfin da ke tilasta bin doka da kare ƙasa, kuma tunda mace ba ta da wannan ƙarfi, bai kamata ta sa baki a zaɓen masu mulki ba. Ganin 'yar ƙaramar mace ta kayar da ƙaton namiji a kan dandamali amsa ce ga wannan hujja, wadda kowa zai iya gani da idonsa. A watan Yulin 1910 mujallar barkwanci ta Punch ta buga zanen Arthur Wallis Mills da ke nuna wata 'yar fafutuka ita kaɗai, ta watsar da wasu 'yan sanda, sauran kuma sun ja da baya suna ɗari-ɗari. Zanen na raha ne, amma ya yaɗa siffar macen da ba a taɓa ta a kwana lafiya.

Garrud ba ta taƙaita koyarwarta ga fagen siyasa ba. Ta yi rubuce-rubuce a jaridar Votes for Women da mujallar Health and Strength, inda ta nuna cewa mace na buƙatar dabarun kare kai a kan hanya da kuma cikin gida. A 1911 ta tsara faɗan da ke cikin wani gajeren wasan kwaikwayo game da matar da ta yi amfani da jujitsu ta tsayar da mijinta mashayi da ke ƙoƙarin dukanta. A zamanin da ake ɗaukar dukan mata a gidan aure a matsayin sirrin iyali, kawo batun kan dandamali babban abu ne.

Horon ya kuma buɗe wa mata ayyukan da a da maza kaɗai ke yi. Garrud ta ci abinci da sana'ar koyar da faɗa. 'Yan rundunar sun koyi tsara hanyar tafiya, da ɓad da kama, da sa ido a kan masu bibiyarsu, da aiki tare ƙarƙashin umarni. Da aka kafa ƙungiyoyin 'yan sanda mata na sa kai a 1914, tsofaffin 'yan fafutuka irin su Mary Allen sun shiga, kuma jujitsu na cikin abin da aka koya musu.

Suka da iyakar tasirinsa

Rundunar ba ta taɓa fin ƙarfin 'yan sanda ba. Mata 30 ba za su iya da hukumar da ke da dubban jami'ai ba, kuma a Glasgow da fadar Buckingham an kama wadda suke karewa. Nasarorinsu sun fi zuwa ta hanyar dabara da yaudara, kamar yadda aka gani a Campden Hill.

Ba dukkan masu neman 'yancin mata ne suka yarda da salon WSPU ba. Babbar ƙungiyar NUWSS, ƙarƙashin Millicent Fawcett, ta tsaya a kan bin doka da lallashin 'yan majalisa. Daga 1912 zuwa 1914 WSPU ta shiga ƙona gine-gine da dasa bama-bamai, abin da ya sa wasu magoya bayanta suka juya mata baya. Har yanzu masana tarihi na da saɓanin ra'ayi. Wasu na ganin wannan salo ya jinkirta samun ƙuri'ar, wasu kuma na ganin shi ne ya hana gwamnati ta yi watsi da batun.

Ƙarshen fafutukar da abin da ya biyo baya

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agustan 1914, WSPU ta dakatar da gwagwarmayarta, gwamnati ta saki fursunonin, rundunar kuma ta watse. A 1918 aka ba mata masu shekara 30 zuwa sama da suka cika sharuɗɗan mallakar dukiya damar yin zaɓe, su kimanin miliyan 8.4. A 1928 aka daidaita su da maza, inda duk mai shekara 21 ya samu dama. Ma'auratan Garrud sun ci gaba da koyarwa har 1925, lokacin da suka sayar da makarantarsu. Edith ta rasu a 1971 tana da shekara 99. Daga baya hukumar unguwar Islington ta kafa allon tunawa da ita a gidan da ta zauna a dandalin Thornhill.

A shekarun 1970 an samu sabon yunƙuri na koyar da mata dabarun kare kai a Arewacin Amurka, kamar tsarin Wen-Do da aka fara a birnin Toronto. A fagen wasanni an yi gasar judo ta duniya ta mata karo na farko a New York a 1980, kuma judo na mata ya zama cikakken wasan lambar yabo a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992. A 2015 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon binciken da Charlene Senn ta jagoranta a kan ɗalibai mata 893 na jami'o'i uku a Kanada. Waɗanda suka samu horon awa 12, wanda ya haɗa gane alamun haɗari da tsawatarwa da baki da dabarun kare kai, kashi 5.2 cikin ɗari ne aka yi wa fyaɗe cikin shekara guda, idan aka kwatanta da kashi 9.8 na waɗanda aka ba takardun bayani kawai.

A fina-finai da littattafai

A 2015 Tony Wolf ya fitar da littafin labari mai zane mai suna Suffrajitsu: Mrs. Pankhurst's Amazons. A fim ɗin Suffragette na wannan shekara, Helena Bonham Carter ta fito da sunan Edith domin girmama Garrud. A fim ɗin Enola Holmes na 2020 ma akwai wata malamar jujitsu mai suna Edith, wadda Susie Wokoma ta taka rawarta.